Jar miyar Baba

Bayan mun binne Mama, Baba ya daina cin abinci. Bai taɓa buɗe baki ya ce ya daina ba. Za a kawo masa kwano, ya wanke hannu, ya yi doguwar addu'arsa yadda ya saba, ya gutsuri tuwo ya kai baki sau ɗaya ko biyu, sannan ya mayar da murfi ya ce a ajiye masa sai anjima. Da safe in tarar da abincin ya yi tsami a inda na ajiye shi.

Ni ce ta tsakiya a cikin 'ya'yansa uku. Yayana yana Legas, ƙanwata tana aikin jinya a Ingila, ni kuwa ina koyarwa a wata makaranta a Kujama, inda mijina da yarana suke. Da aka gama zaman makoki, 'yan zumuntar mata suka kwashe tukwanensu, masu haya suka zo suka ɗebe kujerunsu, kowa ya kama gabansa. Aka bar ni a gidanmu na Kafanchan saboda ni ce ta kusa, ta kusa kuwa ba a tunawa da ita sai aiki ya tashi. Na ɗauki hutu a makaranta, na ce wa mijina ba zan daɗe ba, da zarar Baba ya koma cin abinci zan dawo.

Sai na faɗi matsayin Baba a wajen barkono, in ba haka ba ba wanda zai gane abin da muka yi. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, tun zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a garinmu ana jin kukansa har cikin coci. Aikin ya haɗa shi da mutane iri-iri, ya kuma ci abincin kowa. Yakan ba da labarin Yarabawan kwatas ɗin ma'aikata, waɗanda miyarsu ke sa baƙo hawaye, shi kuwa ya miƙa kwano a ƙara masa. Akwai malaman Gana da suka ba shi wani baƙin yajin kifi a kwalba, ya ce da cokali ya shanye shi. Babban labarinsa shi ne na Indiyawan da suka zo gyara harkar jirgi yana matashi. Wai sun gayyace shi cin abinci don su yi masa dariya, suka zuba masa nama a wata miya mai tsami da zafi, ya share kwano tas, sannan ya tambaye su ko barkono tsada yake yi a ƙasarsu. Na ji labarin nan har na haddace inda yake tsayawa ya jira dariya. Dattawan ikilisiya 'yan'uwansa kan tsokane shi su ce ko Shaiɗan ya ja shi gidan wuta asara zai yi, don mutumin ya riga ya saba.

Shi ya sa a gidanmu tukunyar miya biyu ake ɗorawa, tamu da ta Baba. Idan Mama za ta yi tasa, sai ta kore mu daga kicin ta ja ƙofa. Ba a jimawa hayaƙi zai cika tsakar gida, mu yi ta tari da atishawa, maƙwabta su ɗaga murya ta katanga su ce yau ma an ɗora ta maigida. Miyar takan fito jawur, mai na yawo a kanta. A wasu gidaje yara ne ke cin ragowar uba, a namu kuwa Mama ce ke ɗauke kwanon da kanta, ta ce loma ɗaya ta isa ta tsinka hanjin yaro. Mun yarda da ita, ba wanda ya taɓa gwadawa har muka girma. Ko biki za a je, ko cin abincin Kirsimati a coci, a kula take kai masa nasa, ta ba masu gida haƙuri ta ce miyarsu ruwa ce a bakinsa. Shi kuma ya zauna yana baza kafaɗa.

To da na ga kwano yana dawowa a cike, ban yi dogon tunani ba. Na tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa, ya ce a'a. Na ce ko naman ne ya yi tauri, ya ce haƙoransa lafiyarsu ƙalau. Can dai ya ce, yana kallon bango, “Ba irin na Mamanku ba ne.” Na ce ko barkonon ne bai ji ba. Ya gyaɗa kai.

Washegari na ninka attarugu. Na ɗanɗana a bakin cokali, sai da na ruga wajen randa. Na kai masa ina jin daɗin kaina. Ya ci loma biyu, gumi ya karyo masa a sanƙo, shaƙuwa ta kama shi, ya mayar da murfi. Na ce a raina baƙin ciki ne, mutumin da ya rasa matar da suka tsufa tare ba ya cin abinci da daɗi. Amma baƙin ciki ko ba baƙin ciki ba, ciki ba ya zama haka nan, sai na sake ƙarawa. Na haɗa da busasshen barkono ɗan ƙanana, na haɗa da masoro da kimba. Na yi farfesun kan akuya da ko ni mai dafawa ban iya tsayawa a kansa ba. Duk amsa ɗaya nake samu.

Akwai wata Bafulatana daga rugar da ke wajen Madakiya, ta yi shekara da shekaru tana kawo wa Mama kindirmo. Kullum Mama takan dama wa Baba kofi ɗaya, ta ce ya daure ya sha don kada ƙawarta ta ji an raina kayanta. Matar ta zo ta'aziyya, ta yi kukanta, ta ci gaba da kawowa kamar da. Baba ya ce shi dama don Mama yake sha, nono abincin yara ne. Sai na ba ta haƙuri na ce ta dakata tukuna, ba mai sha.

Muna da zauren hira a waya, mu ukun. Nan na kai kukana. Yayana, wanda Allah ya ba baiwar ba da umarni daga nesa, ya ce attarugun kasuwarmu ne ya lalace, taki ya kashe masa zafi. Ya ba wani direba saƙo ya kawo mini barkonon Kamaru da kwalbar baƙin yajin nan na Gana. Ƙanwata ta ce tunda Baba ya saba da abincin ƙasashe, wataƙila bakinsa sabon abu yake nema. Ta samu wata da za ta zo gida, ta cika mata rabin akwati. Akwai kwalaben haɗin miya na Indiya. Akwai man barkonon 'yan Sin, mai wasu ƙwayoyi da ke sa leɓe ya mutu kamar an yi wa mutum allurar cire haƙori. Akwai taliyar Koriya a baƙar leda da hoton wuta a jiki, da yajin gashin nama na Jamaika. Na jera su a kan teburin Mama, kusa da littafin waƙoƙinta, ina kallonsu kamar magani.

Na zama ɗalibar waya. In gama shara in zauna in yi ta kallon matan da ban san yarensu ba suna girki. Na ga na Tailan suna daka ɗanyar gwanda da barkono a turmi, muna da gwanda a bayan gida, na tsinko na daka. Na ga na Habasha suna dafa kaza a jar miya da dafaffen ƙwai, na yanka zakaran Mama na yi. Na gasa kifi da yajin Jamaika, na dafa taliyar Koriya har da fasa mata ƙwai yadda na gani. Hannuwana suka kumbura, suna raɗaɗi ko ruwa na taɓa. Wata rana na manta na share hawaye da yatsa, na yi ta birgima a kicin ni kaɗai. Kowane kwano na kai, Baba zai duba, ya tambayi sunan ƙasar, wani lokaci har ya ɗan yi murmushi ya ce ya taɓa aiki da wani ɗan can. Sai ya kai loma ɗaya, ya runtse ido, ya haɗiye, ya mayar da murfi.

Mutum yana narkewa a gabana. Wandonsa ya daina zama sai da na huda masa sabon rami a bel, daga baya na sake huda wani. Wuyan rigarsa ta Lahadi ya yi masa yawa. Shi da ke zagayawa da kwandon baiko, ya koma ba ya iya tsayuwa a gama waƙa ɗaya. Shayi yake sha da ɗan burodi, sai maganin ciwon gwiwa da yake haɗiya a kan wofin ciki. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce mu ba shi lokaci. Mai kemis ya ba ni maganin buɗe ciki, ya sha kwalba guda ba abin da ya buɗe. A ƙofar coci kuwa 'yan zumuntar mata suna gaishe ni suna kallon hannuna, na kuma san abin da suke faɗa in na wuce, wai boko ya hana Malama koyon tukunya. Ɗaya daga cikinsu har ta aiko da faten acca da ta cika wa barkono don ta nuna mini yadda ake yi. Shi ma ya dawo a cike, ban ɓoye jin daɗina ba da na mayar mata da kwanonta.

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Ran nan na dire kwano a gabansa na ce, “Baba, so kake ka mutu a hannuna, a ce ni na kashe ka da yunwa?” Ya dubi hannuwana da suka yi jawur suka sassaɓe, ya daɗe yana dubansu. Na fita bayan gida na zauna a kan turmi, tsoro ya cika ni. Ban gama kukan uwa ba, ga uba yana bin ta a hankali, kuma kullum ni ce mai ɗauke kwanon.

Dabara ta ƙarshe da ta zo mini ita ce miyar Indiyawan nan ta labarinsa. Na zauna kusa da shi na ce ya kwatanta mini ita. Sai ga fuskarsa ta saki, muryarsa ta dawo. Ya ce tana da tsami, tana da tafarnuwa mai yawa, barkonon kuma ba a gaba yake kama mutum ba, sai ya sauka. Na nemo irinta a waya, na samu naman akuya mai taushi, na jiƙa shi da tsamiya da tafarnuwa da citta, na zuba rabin kwalbar da ƙanwata ta aiko, na ƙara barkonon Kamaru a kai don kada a ce na yi rowa. Tun safe nake kanta har rana ta take. Da na kai masa, ya sake duban hannuwana, sannan ya ja kwanon. Ya ci, ya ci, hawaye na bin kumatunsa, hanci na zuba, bai tsaya ba sai da ya kai rabi. Na ɗauki hoton kwanon na tura wa 'yan'uwana. Yayana ya ce ai shi ya faɗa, ƙanwata ta yi ta rubuta godiya ga Ubangiji, ni kuma na kira mijina na ce ya sa rai da ni ƙarshen mako.

Da yamma na ji kakari daga ɗakinsa. Na same shi durƙushe a gaban bokiti, abin da ke fitowa baƙi ne, daga baya ya koma ja. Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu a motarsa, ni ina riƙe da kan Baba a cinyata ina kiran sunan Yesu, ban san ma me nake roƙo ba.

A asibiti suka ƙara masa jini da ruwa. Likitan, wani matashi mai sanyin magana, ya tambaye ni abin da yake ci. Na fara lissafa masa ƙasashe, ya ajiye biro ya tsaya yana kallona. Ya ce tsohon gyambon ciki ne ya tashi, tabonsa ya daɗe a wurin, yunwa da maganin gwiwa suka buɗe shi, barkono ya ƙarasa. Na ce Baba bai taɓa yin olsa ba. Ya ce cikinsa ya ce ya yi. Ya hana barkono gaba ɗaya, ya ce a ba shi kunu, da dankali, da fate marar yaji, kaɗan-kaɗan, kuma lallai ya ci, don ruwan leda ba zai riƙe tsoho har abada ba.

Na dama kunun gyaɗa na kawo. Baba ya juya fuska bango. Na kawo dankali da aka murje, ya ce in ba wa mai gadon kusa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na durƙusa a ƙasan ɗakin marasa lafiya mutane suna kallo. Sai da ɗakin ya yi shiru bayan masu dubiya sun fita ya kira ni yadda yake kirana in yana son mu yi magana ta hankali.

“Malama, zauna.” Na zauna a bakin gado. Ya ce, “Tun ranan farko miyanki yana ƙona ni. Kaman na haɗiye garwashi.”

Na ce, “Baba, me ya hana ka faɗa?”

“In ce mene? In ce ma 'yata barkono ya fi ƙarfina?” Ya numfasa. “Abin da na ci duk rayuwana, ko tari ba na yi. Mamanku ta tafi, bakina ya bi ta. In jikin mutum ya fara ƙin abin da aka san shi da shi, an kira shi ke nan. Ki daina wahal da kanki.”

Na nuna masa kunun na ce to ga wanda ba ya ƙona. Ya ce irinsa aka riƙa ɗura wa mahaifinsa a makon da ya rasu, shi ba zai sha abincin wanda ake jira ba.

Na fita baranda na jingina da bango. Duk tsawon lokacin nan wuta nake zuba masa, yana haɗiya don kada ya ji kunya, rabin kwanon nan ma don hannuwana ya ci. Yanzu kuma mai zafi ba ya iyawa, marar zafi ba ya so. Na rasa ta inda zan ɓullo. Na yi addu'a, amma gaskiya faɗa na yi da Ubangiji, na ce ya ɗauki ɗaya bai ishe shi ba ne. Wayata tana ta ƙara, yayana yana tambaya wa ya ce in zuba barkonon da yawa haka. Na kashe ta na jefa a jaka.

Washegari na je gida ɗebo masa kayan sawa. A ƙasan akwatinsa, ƙarƙashin rigunan Lahadi, na ci karo da wani gwangwanin madara. Na buɗe, sai ga jan gari ɗan kaɗan a gindi, da sawun yatsa a ciki. Na gane shi, yajin da Mama ke daka wa Baba ne shi kaɗai, wanda take barbaɗa masa a nama, mu kuwa ko murfinsa ba ma taɓawa. Ashe ɓoye ragowar ya yi yana lasa. Raina ya ɓaci, na ce wato ga abin da ya ƙara huda masa ciki, na nufi bayan gida in zubar. A bakin ƙofa na tsaya. Abu na ƙarshe ke nan da hannun Mama ya daka a duniya. Na ɗebo ruwa a kofi na ajiye kusa, na dangwala yatsa na sa a harshe, na jira.

Ba abin da ya faru. Na ƙara dangwalawa da yawa. Na ji ƙuli-ƙuli, na ji gishiri, na ji zaƙin busasshen tattasai, sai ɗumin citta da ya sauka a maƙogwaro a hankali. Ko jaririn da aka yaye zai iya lasarsa.

Na zauna a ƙasa na kira ƙanwar Mama da ke Gwantu. Tun bayan jana'iza takan kira ta tambayi jikin Baba, ni kuma in ce da sauƙi, yadda kowa ke cewa. Na faɗa mata muna asibiti, na faɗa mata abin da na dafa, na faɗa mata abin da na lasa. Ta kira sunan Allah don mamaki, ta fara dariya, dariyar ta juye kuka.

“Wayyo 'yata. Na ɗauka kin sani, ke da kike babbar 'ya mace a gidan. Miyan Babanku ba barkono a ciki tun kina firamare.”

Ta ba ni labarin duka. Muna yara Baba ya taɓa kwanciya a asibiti, aka ce mana zazzaɓi ne. Gyambon ciki ne. Likita ya hana shi barkono, shi kuma ya rantse gara a binne shi da ya ci miyar mata. Mama ba ta yi musu da shi ba. Ta dawo gida ta ci gaba da yi masa tukunyarsa, sai dai tana rage attarugu kaɗan-kaɗan, yadda harshe ba zai lura ba, tana cike gurbin da tattasai da tumatir da manja don ja, da cittar gonarmu don ya ji ɗumi ya yi gumi. Ta ɗauki shekaru kafin ta kai ga babu ko ɗaya. Hayaƙin da ke sa mu tari kuwa, busasshen barkono ne take jefawa a garwashi in ta ja ƙofa. Kular da take ɗauka zuwa biki, da nonon da take lallashinsa ya sha, duk maganin ne. Ta sa Anti ta yi alkawarin rufe baki, tana cewa za ta koya mini in lokaci ya yi. Hawan jini bai ba ta lokacin ba, a gona ta faɗi.

Na ce, “Anti, shi ya sani?”

“Ina zai sani? Ya ga ja, ya ji kuna tari.”

Na daɗe a zaune da gwangwanin a hannu. Na ji haushin Mama, na ji tausayinta, na kuma ji kewarta fiye da ranar da aka rufe ta. Mace ta yi shekaru tana shaƙar hayaƙin barkono ita kaɗai a kicin don mijinta ya rayu bai sunkuyar da kai ba. Sai tunanin abin yi ya taso. In na faɗa masa gaskiya, zai san bakinsa bai mutu ba, ba kuma wanda ya kira shi. Amma zai san cewa rabin rayuwarsa tattasai yake ci yana cika baki a gaban dattawa, matarsa tana kallonsa. Ban san wanne zai fi saurin kashe shi ba. Ban shawarci yayana ba, don kafin yamma labarin zai kai Legas ya dawo. Likita kaɗai na faɗa wa. Ya saurara, ya ce a rage citta da mai, tumatir ma kaɗan, sauran ba laifi. Ya ce tunda a nan ba ya cin komai, mu gwada gida, in bai ci ba mu dawo da shi.

Ranar da muka koma ana yayyafi. Na zaunar da shi a kujerarsa ta baranda, na lulluɓe masa ƙafa da zanen Mama, na shiga kicin na ja ƙofa. Na jiƙa busasshen tattasai na niƙa, na soya albasa a ɗan manja, na sa daddawa, na kankare citta 'yar kaɗan, na dafa naman har yana rabuwa da kansa. Na tuƙa tuwon acca mai laushi. Sannan na ɗebi barkono na watsa a garwashi. Hayaƙin ya shaƙe ni, na yi ta tari har na durƙusa, hawaye na zuba, ban san na barkono ne ko nawa ba. Ta katanga na ji matar maƙwabcinmu tana atishawa tana cewa lallai maigida ya dawo.

Na ajiye kwanon a gabansa na buɗe. Ya dubi jan miyar, na ga tsoro a idonsa ƙarara. Ban taɓa ganin Baba yana tsoron wani abu ba sai ran nan.

“Likita ya hana,” in ji shi a hankali.

Na ce, “Likita ba ya gidan nan.”

Ya wanke hannu. Addu'ar ta yi gajarta. Ya gutsuri tuwo ɗan mitsitsi, ya dangwala a gefen miyar ya kai baki, ya runtse ido yana jiran wutar. Ya haɗiye. Ya buɗe ido ya kasa kunne, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ya sake gutsura, wannan karon babba. Ya ɗauki tsokar nama. Gumi ya fara tsattsafowa a goshinsa, ya sa bayan hannu ya share.

Sai ya tsaya, hannunsa a cikin kwano, ya ɗago ya dube ni sosai.

“Malama, ki faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah. Kin rage barkonon ne don ni?”

Baba ne ya koya mana cewa maƙaryaci ba ya shiga Mulkin Sama, da bulala ya koya mana. Na dubi ƙasusuwan wuyansa, na dubi ramukan da na huda a bel ɗinsa. Na ce masa ban rage ko ɗaya ba, har ƙari na yi, bai ji yadda nake tari ba?

Ya ci gaba da kallona, leɓensa na motsi. Can ya saki wata 'yar dariya da ta fi kama da kuka.

“Ashe ban gama ba,” ya ce.

Ya mayar da hannu cikin tuwon. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na juya fuskata wajen ruwan da ke zuba daga kwanon rufi don kada ya gan ta, ina jin ƙarar haɗiyarsa loma bayan loma.